Rissa da Rijiyar Tebaram

Hajaratu ɗaliba ce a jami'ar Tawa, tana rubuta memwar ɗinta, wato kundin kammala karatu, a kan wani gurup na WhatsApp da ya haɗa mutanen Tebaram, na gida da na cirani, tun daga Abijan har Libiya. So take ta gane wa ke magana a ciki, wa ke shiru, kuma don me. Da hantsi takan zauna gindin dogon yaro a tsakar gidansu ta yi ta sauraron saƙonnin murya: barkar suna, ta'aziyya, gardamar gyaran famfo. Dukkansu da Hausa ake yin su.

Mutum ɗaya ne ya ɗaure mata kai, wani mai suna Rissa. Bai taɓa cewa uffan ba, amma yakan aiko da saƙo. In ta buɗe sai ta ji guga ya faɗa ruwa can ƙasa, igiya na gogar itace, raƙumi na gurnani daga nesa. Wata rana iska ce kawai a cikin karan hatsi. Takan lumshe ido, hayaniyar ƴan kabu-kabu ta dushe, ta tsinci kanta a wani fili da ba ta taɓa takawa ba, har tana jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Da damina ta faɗi, ta shiga motar kasuwa ta tafi Tebaram nemansa. Ta iske dattijo ne dogo, baƙin rawani ya rufe masa baki, yana dafa shayi a inuwar ƙaya kusa da rijiyar.

"Baba, mi ya hana ka magana a gurup?" ta tambaye shi bayan sun gaisa.

Ya daɗe yana juya shayin. "Ɗiyata, ni Tamashek, harshenmu na Buzaye, na sha a nono. Hausata ta kasuwa ce. Ta isa in saida akuya, ba ta isa in tsaya gaban taro ba. Ɗana Sidi yana Libiya, ya ce kewar rijiyar ga yake yi. Sai na ce bari ita ta gaishe shi."

Suna zaune hadari ya taso daga gabas, yayyafi ya fara sauka a kan garwashin. Hajaratu ta ce, "Baba, ka gaishe su da harshenka mana. Wanda ya ji ya ji."

Ya dubi wayarsa kamar bai san ta ba. Can ya sauke rawanin kaɗan, ya danna wayar, ya yi gaisuwa doguwa da Tamashek a hankali, ruwa na bugun ganye a bayan muryarsa.

Kafin shayi na biyu amsa ta zo. Manzo, wani ɗan kasuwa a Abijan, ya mayar da gaisuwar da guntuwar Tamashek, yana dariya, ya ce harshen kakarsa ne, rabonsa da shi tun yana yaro. Wata Kadidiya ta biyo da Fulatanci. Rissa ya kanga wayar a kunne, ya sake saurare, ya kuma sakewa.

A hanyar komawa Tawa ƙorama ta cika ta tare mota. Fasinjoji suka sauka suna jiran ruwa ya janye. Hajaratu ta zauna a kan dutse, saƙonni na ta shigowa da harsunan da ba ta ji, tana sauraron kowanne har ƙarshe.