Asusun da Yaya Ta Hana a Taɓa

Kamfanin nasu na teburan makaranta ne, gadon mahaifinsu: rumfa ɗaya, ma'aikata shida, da tsohon injin yankan katako da Baba ya fara sana'ar da shi. Auta ne manaja, shi ke yawon neman kwangila. Yayarsa ke riƙe da lissafi, kuma tana da wata ɗabi'a da ke ba shi haushi. Duk kuɗin da ya shigo sai ta gutsuri wani abu ta tura wani asusu daban, ta ce na haraji ne, ba nasu ba ne. Auta kan ce bai taɓa ganin kuɗin da ya samu barci irin wannan ba.

Da za a kwantar da ita asibiti a yi mata aiki a ƙafa, ta damƙa masa komai, ta ja masa kunne kan asusun. Sati bai cika ba aka kawo masa tallan motar ɗaukar kaya, ta hannu, mai araha. Ya buɗe fayil, ya ga ranar da kamfani zai miƙa takardun lissafinsa, ya ƙirga da yatsu: saura wata huɗu. Kafin nan ai makarantu sun biya, ya mayar da kuɗin, ba wanda ya ji. Ya ɗebi kuɗin asusun ya sayi mota, har da sa a rubuta sunan kamfani a jikinta.

Abin da bai sani ba, don bai taɓa tambaya ba, shi ne ranar biyan harajin daban take da ranar miƙa takardu, kuma ita ke fara zuwa.

Wasiƙar ofishin haraji ta iso bayan ranar biyan ta wuce, da tara a kai, kuma kullum ƙaruwa take. Makarantu suka ce sai sabon zango. Ya sa motar a kasuwa, dillalai suka leƙa ƙarƙashinta, suka taya rabin abin da ya biya. Ya sallama a haka, duk da haka kuɗin bai kai ba. Abu ɗaya ne a rumfar ke da mai saye a tsaye: injin Baba, wanda wani kafinta ya shekara yana naci a kansa.

Ranar da Yaya ta dawo, tana dogara sanda, ta tarar da ramukan ƙusa huɗu a siminti inda injin yake. Ta daɗe tana kallonsu. Auta ya so ta zage shi, ko ya ji sauƙi a ransa, amma ba ta yi ba.

"Yaya, ki yi min faɗa mana."

"Ba ka ga saƙona ba ne?" ta tambaya a hankali.

Ta shiga ofis, ta sauke rigar ruwansa daga ƙusar bayan ƙofa, inda ya rataye ta tun ranar da ya kai ta asibiti. A ƙarƙashinta kalanda ce. An zagaye rana ɗaya da jan biro, a gefe kuma da rubutunta: "Auta, wannan ce ranar biya. Kar ka jira waccan."

Ya karanta sau biyu, ya zauna a kan kujerar Baba, ya kasa ɗaga kai.