Layin da Ya Ambaci Dogo

Dogo ne ya fara rubuta direban, a shekarar da aka haifa masa 'yarsa ta fari, zamanin da katin sadarwa mara waya bai wuce abin kallo a tagar kanti ba. Direba, ga wanda bai sani ba, shi ne guntun manhajar da ke tsakanin kwamfuta da katin, yana kai saƙo yana kawowa. Kamfanin da ya ƙera katin ya ɓoye yadda yake aiki, sai Dogo ya zauna ya tono da kansa, ya rubuta, ya sakar wa duniya kyauta a cikin babbar manhajar nan da kowa ke da ikon karantawa da gyarawa. Da Allah ya karɓi ransa, kula da direban ya dawo hannun ƙaninsa, wanda har ya yi furfura ba a daina kiransa Auta ba.

Wata mai bincike ce ta aiko wa Auta da labarin wata ɓaraka a cikin direban. Direban yakan ari wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta ya ajiye saƙo, ya mayar da wurin idan ya gama, amma wani lokaci sai ya koma ya yi rubutu a ciki, kamar ɗan haya da ya tashi daga ɗaki bai mayar da makulli ba. Mugun da ya san da haka, ko daga bakin titi yake, yana iya turo saƙon da zai ba shi iko da na'urar gaba ɗaya.

Gyaran bai wahalar da Auta ba. Ya yi shi a teburinsa na gefen taga, tsakanin kwalin tsofaffin katuna da fankar da ba ta juyawa sai an taɓa ta. Abin da ya tsayar da shi ƙa'ida ce. Tun kafuwar aikin, duk wanda ya kawo gyara sai ya rubuta layi ɗaya a ƙarƙashinsa, ya ambaci rubutun da ya fara kawo kuskuren, domin masu kula da tsofaffin fitowar manhajar su san iyakar inda za su kai gyaran. Kowane rubutu kuwa yana ɗauke da sunan mai shi. Haka aka yi wa mutumin da ya kafa sashen da direban yake ƙarƙashinsa, yana raye yana karantawa, kuma ba a taɓa ɗaga wa wani ƙafa ba. Auta ya bi sawun kuskuren baya, baya, har ya kai shi ga rubutun farko na Yayansa.

Shekaru bayan rasuwar Dogo, shi Auta ya taɓa ɗan gyara tsarin waɗannan layukan. Sai ya ambaci wannan rubutu nasa, ya ɗauki laifin, ya aika.

Shugabar sashen, matar da bai taɓa gani ba sai ta wasiƙa, ta dawo masa da shi cikin ladabi. Ta ce ta gwada, kuskuren ya girmi rubutunsa. Idan aka bar layin haka, gyaran zai tsaya a fitowar da ta biyo bayan nasa, duk na'urorin da suka girme ta za su zauna a buɗe, alhali su ne suka fi yawa a ƙananan asibitoci da makarantun da ba sa sayen sabo. Ta ce ya gyara layin, ko ita ta gyara.

Da la'asar ya tafi gidan matar Yayansa. Ya same ta a falo tana ninke kayan jikoki.

"A'a, Auta mijina! Yau an tuna da tsohuwa? Ko matarka ce ta koro ka?"

"Ni ina ni ina tsohuwa irinki, Yaya? Gaisuwa na kawo."

"Gaisuwa da wannan fuskar? Zauna ka faɗi abin da ka fasa."

Ya zauna a ƙarƙashin hoton Dogo, ya yi mata bayani da misalin ɗan haya da makulli. Ta daina ninke kayan.

"Wato shi ne ɓarawon."

"Subhanallahi! Ba haka ba ne. Kuskure ne irin na kowa. A zamaninsu babu kayan binciken da ake da su yanzu."

"To ka gyara mana ka yi shiru. Dole sai an buga masa ganga?"

"Na gwada. Na ce ni ne, suka gane."

"Kai ma dai, ko ƙarya ba ka iya ba," ta ce, amma babu dariya a muryarta. "Har yanzu mutane suna turo wa 'yarsa saƙon godiya daga ƙasashen da ban san sunansu ba. Da shi take yi wa 'ya'yanta alfahari. Mutumin nan ya hana kansa hutu, ya hana ni, bai karɓi ko sisi ba. Yanzu kuma yana kwance ba zai iya kare kansa ba, sai ƙaninsa ne zai sa hannu?"

"In ban sa ba wata za ta sa, Yaya."

"To ka bari wata ɗin ta sa mana."

Auta ya sunkuyar da kai. Yana ganin idan dole ne a ambaci Dogo, ya fi dacewa a ji daga bakin wanda zai ƙara da cewa shi ne ya buɗe hanyar tun farko. Ya faɗa mata haka. Ta ɗauki wata 'yar riga ta ci gaba da ninkewa.

"Ka gaida gida, Malam," ta ce.

Washegari ya rubuta layin da hannunsa, da sunan Yayansa. Ya ƙara jimla biyu na yabo a sama. Shugabar sashen ta karɓi gyaran, ta cire yabon, domin bisa ƙa'ida bayanin gyara na kuskure ne kawai.

Abin da aka samu shi ne wannan. Gyaran ya isa har fitowa mafi tsufa da ake kula da ita, ɓarakar ta toshe a na'urorin mutanen da ba su ma san ta taɓa buɗewa ba. Mai binciken ta sami sunanta a jerin masu gano kuskure. Direban ya ci gaba da aiki, Auta ya ci gaba da riƙe shi. Sunan Dogo yana nan a saman rubutun inda ya sa shi, yana kuma cikin sanarwar haɗarin da aka fitar kan ɓarakar, inda masu neman sunan suka fi cin karo da shi. Matar Yayan ba ta rufe wa Auta ƙofa ba, tana amsa gaisuwarsa da cikakken ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo.