Horon Kan Dutse

Shekara goma sha shida Fulvio Tramontana ya yi yana tsaron baya, kuma har yau akwai tsofaffin 'yan gaba a Italiya da ke ɗingishi saboda shi. Da ya dawo garinsu Montecerro a matsayin koci, har majami'a sai da ta buga masa ƙararrawa. Sai ƙungiyar ta sha kashi sau biyar a jere.

Mai ƙungiyar, Egidio Baldassarri, attajirin tayil, ya kira shi ofis. A can, Mista ake ce wa koci.

"Mista, ranar Lahadi ko ka ci wasa ko ka kwashe kayanka. Na ba ka 'yan wasa, ka mayar mini da su buhunan fulawa."

"Shugaba, yaran suna buƙatar..."

"Horo suke buƙata! A sake kai su dutse."

Haka ake yi dama. Ƙungiya ta sha kashi, a kulle 'yan wasa mako guda, ba mata, ba yawo, har su ji a jikinsu. Baldassarri mai maƙo ne, don haka masaukin 'yan sista na coci da ke kan dutse yake tura su.

Fulvio bai taɓa cin abinci tare da su a can ba. A ɗaki yake wuni yana zana tsarin wasa, yana gatsar busasshen burodi. Ranar Alhamis da rana ya sauko neman ruwa, sai ya ji dariya daga ɗakin cin abinci. Ya leƙa. Sista Addolorata, tsohuwar da ke girki, tana zuba taliyar da ta murza da hannunta, da miyar naman rago. Kyaftin Saverio yana suɗe faranti da burodi.

"In muka ci ranar Lahadi, shi ke nan, sai gida," in ji Nunzio gola. "Matata kabeji take dafa mini da ruwa, wai na yi tumbi."

"Kai ka ji daɗi. Ni surukata ta zo kwana biyu tun Satumba," in ji Saverio. "Ka dai yi abin da ka saba."

"Ƙwallo ɗaya zan bari ta shiga. Ni ma ina da mutunci," in ji Nunzio.

Nan Fulvio ya gane da gangan suke shan kashi don a dawo da su nan. Wato shi yana can yana zane, aikinsa yana nan ana cinye shi da cokali mai yatsu. Ya banko ƙofa. Kafin ya buɗe baki Sista ta kama hannunsa.

"Ɗana, dubi yadda ka rame. Zauna."

Ya zauna don kada ya yi wa tsohuwa rashin kunya. Ya ci faranti ɗaya. Ya ci na biyu a hankali, yana tunani. Sannan ya miƙe.

"Ku saurara, 'yan banza. Doka ta juya. In kun sha kashi, kowa ya tafi wajen matarsa da surukarsa. In kun ci, mu dawo nan mako guda."

Nunzio ya ɗaga hannu.

"Mista, canjaras fa?" in ji Nunzio.

"Kwana uku, ba cuku."

Ranar Lahadi suka ci uku da nema. Nunzio ya yi ta shawagi a raga kamar wanda rina ta harba, Saverio kuwa ya ci biyu da ka, shi da rabonsa da cin ƙwallo tun bara.

Baldassarri ya faɗo ɗakin canza kaya, 'yan jarida a bayansa, ya sumbaci Fulvio a kunci biyu.

"Mista, kujerarka taka ce! Yara, na yafe muku, kowa ya tafi gida!"

Fuskokin 'yan wasa suka faɗi. Fulvio ya haɗe rai.

"A'a, Shugaba. Ban gamsu ba. Uku kacal? A mayar da su dutse."

'Yan jarida suka duƙufa rubutu: koci mai zuciyar ƙarfe ya hori waɗanda suka yi nasara. Baldassarri ya gyara kwala, ya ce ai shi ya koya masa. 'Yan wasa suka shiga bas a layi, kai a sunkuye saboda masu ɗaukar hoto. Nunzio har da share ido.