Samiratu da Maƙwabciyar Gadonta

Samiratu tela ce a unguwar Gumbihini da ke Tamale, kuma tun cikinta yana wata bakwai ta gama tsara yadda haihuwarta ta fari za ta kasance. Mahaifiyarta, Hajiya Memunatu, za ta taso daga Kumasi da kayan yaji da citta, ta riƙe mata hannu har a gama. Sai ga korona. Aka rufe Kumasi, ba shiga ba fita, Hajiya ta maƙale can da jakarta a ɗaure. Samiratu ta yi kukanta kwana biyu, a na uku ta koma kan keken ɗinki, don a lokacin kowa a Tamale takunkumi yake nema, ita kuwa tana da ragowar atamfa buhu guda.

Naƙuda ta taso mata ranar Alhamis da hantsi, tana tsakiyar shan koko. Mijinta Masahudu, wanda ke tuƙa yalo-yalo, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya ɗauko ta da baho da tabarma da fulas biyu. A ƙofar asibiti suka wanke hannu a bokiti mai famfo, aka auna zafin goshinsu, sannan wata nas ta tare shi.

"Mai ciki kaɗai. Kai ka jira a waje."

"Anti, ba ta da kowa fa. Uwarta tana Kumasi."

"Dokar kenan yanzu. Ga inuwa can."

Ya miƙa wa Samiratu wayarta, ya koma ƙarƙashin dogonyaron da ke fuskantar tagogin ɗakin haihuwa, wurin da maza huɗu suka riga shi zama, kowa nesa da kowa.

A ciki an raba gadaje, tsakanin wannan da wancan sai ka yi taku uku. Ungozomar da ke aiki, Madam Azeta, 'yar Dagomba ce, gajeruwa, ba abin da ake gani a fuskarta sai idanu. Ta duba Samiratu ta ce da saura, ta wuce da sauri, don abokiyar aikinta tana gida a killace, ita da nas ɗaya ke riƙe da ɗakin. Samiratu ta kwanta ta juya wa bango fuska. Da ciwon ya sake murɗo ta sai hawaye.

"Ƙanwata, na fari ne?"

Muryar daga gadon kusa ta fito. Wata mata ce kakkaura, ta kai shekara arba'in, zaune tana fifita da katin awo. Ta ce sunanta Fuseina, tana sayar da shinkafa da wake a bakin titin Dungu, kuma wannan ne cikinta na shida.

"Kwanciya ba ta kawo shi. Tashi mu taka."

"An ce kada mu taɓa juna," in ji Samiratu.

Fuseina ta zaro zane daga jakarta, ta riƙe gefe ɗaya, ta jefa mata ɗayan. "Wa ya taɓa wani? Riƙe. In ya murɗo ki, ki ja da ƙarfinki, ba za ki kayar da ni ba."

Haka suka yi ta zagaya baranda, ɗaya gaba ɗaya baya, zane a tsakani. In ciwon Samiratu ya taso ta ja, Fuseina ta kafe ƙafa tana ƙirga mata numfashi. In na Fuseina ya taso, sai ta tsaya ta dafa bango, ta zagi mijinta a hankali da Dagbanci, ta ci gaba da labarin da take bayarwa. Ta ba ta labarin ɗanta na uku da ta haifa a bayan babur mai ɗaukar doya, da na huɗu da ya fito ranar da tukunya ke kan wuta, ta hana a kai ta asibiti sai da ta sauke. Samiratu ta yi dariya har ciwon ya katse ta. Madam Azeta ta leƙo ta gan su, ta girgiza kai, ta ce su ci gaba.

Wayar kuwa ba ta huta ba. Hajiya Memunatu ce, kowane minti biyar. Daga ƙarshe Madam Azeta ta saka wayar a leda, ta buɗe murya, ta ajiye kan tebur. Nan da nan ɗakin ya cika da addu'ar Hajiya.

"Wace ce nake jin muryarta kusa da ke?"

"Ni ce, Hajiya, Fuseina. 'Yarki tana hannuna."

"Allah ya saka miki, 'yata. Kina da ciki ke ma?"

"Ina da shi, Hajiya, kuma ga alama ya gaji da jira. Madam! Zo!"

Ba a yi minti ashirin ba aka ji kukan ɗan Fuseina a bayan labule. Samiratu ta tsorata da ta ga ta rage ita kaɗai, amma ba ta daɗe a haka ba. Ana gama sallar azahar nata ya kankama, aka hau da ita gadon da ke kusa. Madam Azeta tana gabanta, Hajiya tana kan tebur tana kiran sunayen Allah, Fuseina kuma daga kwance, da jaririnta a ƙirji, tana ɗaga murya ta bayan labule: "Yunƙura, ƙanwata! Kada ki ɓata ƙarfinki a ihu, kai shi ƙasa!" Samiratu ta damƙe ƙarfen gado ta yunƙura. Sau nawa, ba ta sani ba. Ta dai ji nauyi ya sauka, sai wata 'yar siririyar murya, sai Hajiya ta fashe da kuka a cikin leda.

Da aka gyara su, Madam Azeta ta buɗe taga. "Mai yalo-yalo! Ya zo. Yana lafiya, uwansa ma lafiya."

Masahudu ya yi tsalle har takunkuminsa ya zame. Mazan ƙarƙashin bishiya suka yi masa barka daga nesa. Nan take ya shiga kiran dangi: an samu namiji, sunan marigayi baban Masahudu za a sa masa, Zakir. Sai da ya kira mutum goma sha uku kafin ya kira matarsa, ya ce ta kara wayar a kunnen yaron zai yi masa kiran salla. Ta kara. Ya tsaya a rana, hannu a kunne, ya yi shi a nutse.

"Allah ya raya mana Zakir," ya ce.

"Wane Zakir?" in ji Samiratu. "Mace ce fa."

Fuseina ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta karɓi zancen daga gadonta: "Maigida, kai ba ɗan garin nan ba ne? Hausar Madam ta kasuwa ce, kowa 'shi' ne a wurinta, har ni."

Masahudu ya roƙi a ɗago masa ita ta taga. Madam Azeta ta ɗago ta a cikin atamfa. Ya daɗe yana kallo ta cikin raga, ya ce hancinsa ne ta ɗauko, duk da ba abin da ake iya gani daga inda yake. Daga nan ya koma inuwa ya fara sake kiran mutanen nan ɗaya bayan ɗaya.

Ranar suna ta zo wa matan biyu rana ɗaya, kuma ba a yarda da taro ba, don haka ba wadda ta je gidan wata. A Gumbihini mutum tara ne a tsakar gida, liman ya raɗa wa yarinya suna Mubarika. Da hantsi Masahudu ya kai waina da naman rago Dungu, ya dawo da kula cike da shinkafa da wake, har da taliya da ƙwai a sama, da saƙo daga Fuseina: a gaya wa mai jego ta cinye duka, kuma kada ta kuskura ta hau keken ɗinki kafin arba'in.