Littafin da Tasi'u Bai Mayar Ba

Malam Tasi'u dai ba ya jin shawara in an zo maganar boko. Shekara da shekaru yana koyarwa a firamaren Garo, ga gona, ga furfura ta fara leƙowa a gemu, sai kawai aka wayi gari ya ce shi digiri zai yi. Abokansa na Kabo suka yi masa dariya son ransu. Wa zai riƙe maka aji ka tafi jami'a? Ya ce ai ba sai ya tafi ba, akwai karatun da ake yi daga gida ta waya, jarrabawa kaɗai ke kai mutum Kano. Suka ce to, Allah ya ba da sa'a, mai digirin waya.

Matarsa Badi'a ce ta sha ɗawainiyar digirin nan, wallahi. Ta gama sakandare kafin aure, Turancinta ya fi nasa gudu, shi kuma idonsa ba ya shiri da ƙananan rubutu. Jami'a ta ba shi lambar sirri ta shiga laburarenta ta waya, shi ko ya damƙa wa Badi'a lambar da babbar wayar gaba ɗaya. Da hantsi sai ta jingina wayar a tagar kicin, don nan kaɗai sabis yake tsayawa a gidan, ta nemo abin da malamansa suka ce a karanta, ta sauko da shi. Da la'asar sakaliya, in ya dawo daga gona yana wanke ƙafa a bakin rijiya, ta zauna a kan turmi tana karanta masa.

"Maimaita, Badi'a. Wannan Baturen sauri yake yi."

"Ba Baturen ba ne, Malam, kai ne kake gyangyaɗi a tsaye."

Wani zuwa da ya yi jarrabawa, sai ya shiga laburaren da ƙafarsa, ya aro littafi guda mai koren bango a kan yadda ake koya wa yara karatu. Ya dawo da shi a cikin leda, a ƙarƙashin riga, saboda ruwan sama. Kai, ka ce gwal ya ɗauko! Ko ita Badi'ar sai ta goge hannu take taɓawa.

Ba su kai tsakiyar littafin ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Abu kamar wasa, ana cewa gobe zai tashi, jibi zai tashi. Bai tashi ba. Kafin gero ya fitar da kai an kai Tasi'u makwancinsa.

A wurin jana'iza aka yi shela kamar yadda aka saba, duk mai wani haƙƙi a kan mamaci ya yi magana. Mai injin feshi ya zo aka ba shi injinsa, mai galma ya karɓi galmarsa. Littafi kuwa babu wanda ya tambaya, don masu shi ba su san an yi mutuwa ba. Badi'a ma ba ta tuna da shi ba, ta shiga takaba da zuciya a dagule.

Wata Litinin da safe wayar ta yi ƙara a tagar kicin. Saƙo ne daga laburare, da Turanci, ya fara da cikakken sunansa: Tasi'u Hammadu. Wai lokacin mayar da littafin da ke hannunsa ya wuce, ana roƙonsa ya dawo da shi. Badi'a ta durƙushe a gindin murhu ta yi kuka har muryarta ta dishe. Da ta share hawaye kuma, sai ta sake karantawa.

Litinin ta zagayo, saƙon ya sake zuwa. Ta gaba ma haka.

Kada wani ya ce Badi'a zautuwa ta yi. Ta san sarai inji ne yake aikowa, babu wani mutum a can da ya damu. Amma duk garin Kabo ya koma cewa marigayi. 'Yan uwansa marigayi, abokan da suka yi masa dariya marigayi, hedimasta ma da ya zo gaisuwa marigayi. Ita kuma tun aurensu kunya ba ta taɓa barin sunan ya fito daga bakinta ba. Wannan injin ne kaɗai ya rage yana kiransa da sunansa, yana sa ran zai zo. In ta sa lambar sirrin ta shiga laburaren, sai ya yi masa barka da dawowa. Sai ta sauko da abin karatu, da la'asar ta zauna a kan turmi ta karanta a hankali, ta maimaita inda ta san zai ce a maimaita. Haka ta ci takabarta.

Da ta fita takaba aka mayar da ita gidan mahaifinta a Unguwar Tudu, can Gwarzo. Mahaifin nata, Malam Abdulwahab, malamin zaure ne, mutumin da ko allurar maƙwabci ba ta kwana a gidansa. Wata rana ya shigo cikin gida ya tarar da koren littafin a kan tabarma. Ba ya karanta Turanci, amma ya san hatimi in ya gani.

"Na wane ne wannan, Badi'atu?"

"Na Malam ne, Baba."

"Saya ya yi?"

Ta sunkuyar da kai. "Aro ne."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk watannin nan mijinki yana kwance da kayan mutane a wuyansa, kina sane?"

"Baba, in na mayar za su daina kiransa." Nan ta fashe da kuka, ta gaya masa komai, saƙon Litinin da barka da dawowar.

Ta ɗauka faɗa tsohon zai yi. Sai ya zauna a gefen tabarmar, abin da bai taɓa yi ba.

"Da zan sami mai kiran sunan mahaifiyarki duk mako, ni ma da na so, 'yata. Amma shi ba zai iya tasowa ya mayar ba. Ke ya bar wa. Ki sauke masa."

Ta bari Litinin ta zo, ta karɓi saƙonta, sannan washegari ta sa littafin a ledarsa ta hau motar Kano. Da suka ratsa ta Garo ta juyar da fuska, don kada ta hango makarantar.

Laburaren da ta shiga sau ba adadi ta tagar kicin, yau ne idonta ya fara ganinsa. Ashe ɗaki ne mai fanka da kantoci, ɗalibai sun duƙufa, wasu ma barci suke. A hanya ta gama shirya dabararta: za ta ajiye littafin ta juya, ba za ta ce komai ba. Saƙon Litinin zai tsaya, ta sani, amma ko ba komai barka da dawowar za ta rage mata.

Matar da ke kan tebur, Malama Zinnira, ta karɓi littafin da katin laburaren Tasi'u ta duba kwamfuta.

"A'a! Sai yau? Mun gaji da aika masa saƙo. Ko jarrabawar da ta wuce bai zauna ba. Ki gaya masa ya zo da kansa ya gyara rajistarsa, in ba haka ba shekarar nan ta tafi."

Da Badi'a ta ce to, da shi ke nan. Bakinta ya buɗe zai faɗa. Sai ta ga ba za ta iya sauke masa aro da ƙarya a kai ba.

"Ya rasu," ta ce. Bakinta bai taɓa furta wannan ba sai yau.

Malama Zinnira ta miƙe tsaye, ta zagayo ta riƙe hannunta. "Allah ya jiƙansa, 'yar uwa. Allah ya sa ya huta. Ki yafe mini, ban sani ba." Ta koma kujerarta, ta daɗe tana kallon kwamfutar. "Ƙa'ida ce in rufe sunansa. In na rufe, lambar ba za ta ƙara buɗewa ba."

Yatsanta yana kan madanni, ta kasa dannawa, tana jiran ta bakin Badi'a.

"Rufe," in ji Badi'a.

Mota ta baro Kano ke nan wayar ta yi ƙara a cikin mayafinta. Saƙo ne daga laburare, da cikakken sunansa a sama. Wai an karɓi littafin da ya dawo da shi, babu sauran komai a kansa, ana yi masa godiya. Ta kife wayar a ƙirji. Tsohuwar da ke gefenta ta ce, "Lafiya, 'yar nan?" Ta ce lafiya lau, Inna, mijina ne ya mayar da kayan mutane.

Litinin da safe ta yi shara, ta wanke kwanuka, ta jingina wayar a tagar ɗakinta ta zauna. Ta san babu abin da zai zo. Tana nan zaune har aka kira azahar.