Ranar da Aka Kewaye Tsohon Stejar

Da kaka ta shigo, gungumen da yake ɗauke da rufin ɗakin shanun gidansu Gavril ya tsage. An tokare shi da sanduna, amma kowa a gidan ya san tokari ba zai ɗauki nauyin dusar ƙanƙara ba. Shanu huɗu ne a ciki, su ne madarar gidan, su ne cukunsa. In rufin ya rufta a kansu, an shiga uku.

A garinsu Valea Sturzului kuwa ba a saɓa gatari a hau tudu haka kawai. Makiyayar da ke saman gari, da itatuwanta da idon ruwanta, ta gari ce, kuma mutum bakwai da ake zaɓa a harabar coci su suke riƙe da ita. Su ke faɗin ranar hawa da dabbobi da ranar saukowa. Su suka sa attajirin garin ya tuge shingen da ya kafa a bakin rafi, da hannunsa, jama'a na kallo. Mai son katako wurinsu yake zuwa ya nuna itacen da yake so, sai a yi yadda kakanni suka bari: mutanen gidansa su kewaye gindin su kama hannun juna. In hannu ya haɗu, itace nasu ne. In bai haɗu ba, ya fi ƙarfin gida ɗaya, na gari ne.

Gavril ya ce shi Tsohon Stejar yake so, wato tsohon itacen da ya fi duka girma a kan tudu, irin wanda katakonsa ba ya saurin lalacewa.

A kan cin abinci ya faɗa, uwarsa Anghelina tana yanka tuwon masara da zare.

"Kakanka ya gwada, shi da ƙartin 'ya'yansa uku," ta ce. "Ba abin da ya kawo gida sai ɓawo a gemu."

"Ai kaka ba shi da shamuwa a gidansa, Inna," in ji Ilarie, ƙanin Gavril, yana nuna Smaranda, matar Gavril, da cokali. "Wannan in ta buɗe hannu, har cocin za ta rungume."

Smaranda ta sunkuyar da kai. Da bazara aka kawo ta daga wani gari na fili, inda ba tudu ba daji. Ta fi mijinta tsayi, kullum sai ta bugi goshi a ƙofar kicin, magana kuma sai an ciro mata ita daga baki. Tun zuwanta ba a taɓa cewa ga abin da ta fi kowa ba sai yau, shi ya sa dariyar ba ta yi mata zafi ba. Gavril ma ya dube ta yana murmushi.

"Stejar ɗaya, rufi ya zauna har jikokinmu," ya ce.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci aka hau tudu. Baba Nichifor, shugaban mutum bakwai ɗin, shi ne a gaba da ƙaramin gatarinsa na sa alama. Tafiya da shi sai haƙuri. Duk inda ya ga ɗan tsiron stejar sai ya tsaya ya gyara ƙayar da aka kewaye shi da ita saboda awaki. A wani wuri ya tarar an janye ƙayar, ya juyo ya dubi na baya.

"Todora, akuyar surukinki ce ta yi wannan."

"Ka kama ta ka kai ta gaban majalisa mana," in ji Gwaggo Todora, mai kiwon zuma, mace ɗaya tilo a cikin mutum bakwai ɗin. "Ta fi ka iya magana."

Suna haurawa kan tudun na ƙarshe Smaranda ta ja ta tsaya.

Daga tsakar gida ta sha hango wani duhu a can sama, ta ɗauka kurmi ne. Ashe itace ɗaya ne. Kowane reshensa ya fi duk wata bishiya da ta sani a garinsu kauri, wasu sun sauko sun dafa ƙasa kamar gwiwar hannun mai hutawa, sannan suka sake tashi. Da suka shiga ƙarƙashinsa sai haske ya canza, muryoyi suka yi ƙasa ba wanda ya ce a yi shiru. Baba Nichifor ya cire hularsa. Sauran ma suka cire.

Aka jera su. Anghelina a gaba, 'ya'yanta dama da hagu, Smaranda a baya ta wajen kwari, tsakanin mijinta da ƙaninsa. Gwaggo Todora ta zagayo ta tsaya kusa da ita, don ita ce shaidar wannan gefen.

Gavril ya damƙi hannun Smaranda na hagu. Ta manna ƙirji da kunci a jikin itacen, ta miƙa na dama.

Ɓawon yana da ɗumi. Tsagoginsa kuwa, tafin hannu zai shige har wuya. Dab da idonta ta ga wani baƙin abu, sai da ta ƙura ido ta gane zoben ƙarfe ne irin na ɗaure doki, itacen ya haɗiye shi saura ɗan baki. Wa ya kafa shi? Shi da dokinsa da sunansa duk sun tafi, itacen yana nan yana ci a hankali. Sai iska ta taso daga kwari. Ta ji gindin ya motsa a ƙirjinta, kaɗan ƙwarai, kamar cikin saniya idan tana numfashi, kuma can ciki wani sauti ya yi gunji mai zurfi wanda ba da kunne ta ji shi ba, a haƙarƙarinta ta ji shi. Ta ɗaga ido. Rassa kan rassa, har ba ta ga inda suka ƙare ba. Ita da ake yi wa gorin tsayi, sai ta ji ba ta fi tururuwar da ke bin ɓawon ba.

Kan yatsan Ilarie ya shafi nata.

"Na ji ki, matar Yaya. Ƙara kaɗan. Kama mana."

Ta san akwai saura a kafaɗarta. In ta saki numfashi ta miƙe, an gama. Ta tuna shanun, ta tuna murmushin Gavril. Itacen ya sake motsawa. Sai ta naɗe yatsunta.

"Kai, ta janye," in ji Ilarie. "Yaya, wallahi janyewa ta yi."

Gwaggo Todora ba ta kula shi ba. Ta matso kusa.

"'Yata, na ƙarshe ake tambaya, haka ake yi. Ya haɗu?"

Duk suka zagayo. Smaranda ta ji fuskarta kamar an kara mata garwashi.

"Zai haɗu, Gwaggo," ta ce da ƙyar. "Ni ce ban miƙa ba."

"A sake," in ji Gavril. Bai dube ta ba, Baba Nichifor yake kallo.

"In ta yarda a sake, sai a sake," tsohon ya ce. "Amma mu ba ma jan hannun kowa, kai ma ba za ka ja ba. Amarya, a sake?"

Ta girgiza kai.

Anghelina ta karkaɗe ɓawo daga ɗankwalinta, ta tsaya a gaban surukarta, ta ɗaga kai don ta ga idonta.

"To, shanun fa? A gadonki za su kwana?"

"Inna, itacen motsi yake yi," in ji Smaranda. Can ta ce, "Zan ja katako, ko daga ina ne."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta, sannan ta kalli sama, ta yi tsaki maras ƙarfi.

Mutum bakwai ɗin suka koma gefe suka yi shawara a tsaye. Da suka dawo Baba Nichifor ya ce akwai itatuwan brad, waɗanda katakonsu bai kai na stejar ƙarko ba, a kwazazzabon sama da suka yi cunkoso, dama ana so a rage su don na ƙasa su sami rana. Za a sa wa gidan Gavril alama a kan biyu.

"Brad?" in ji Gavril. "Ɗana zai sake canza shi, Baba. Kuma ba hanyar keken doki a can."

"Ɗanka zai canza shi," tsohon ya amsa. "Shi ma sai ya zo ya same mu, ko waɗanda suka gaje mu. Kana zaton gari ne zai kafa muku tsiro biyar da ake kafawa a madadin itacen da aka sare? A'a. Ku za ku kafa, ku kewaye da ƙaya."

"Goɗiyata tana nan," in ji Gwaggo Todora. "Ta tsufa, tana cizo, amma ta fi Ilarie ƙarfi."

Aikin ya ci su. Goɗiya ba ta iya sauka cikin kwazazzabon, sai da igiya aka riƙa jawo gungumen taki-taki har bakin gangare, ƙafa na zamewa a kan ganye mai laima. Tafin Smaranda ya sale, ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba. Ilarie ya gaji da fushi tun rana ta biyu, ya koma tsokana. Gavril kuwa ko "riƙe nan" ta bakin ƙaninsa yake aika mata. Da dare ya juya mata baya. Maƙwabta suka zo aka ɗora gungumen, sama ta riga ta yi nauyi launin toka, ana bugun ƙusa ana kallon tudu.

Ba a jima ba aka wayi gari komai fari da dusar ƙanƙara. Smaranda ta shiga ɗakin shanu da bokiti. Ƙanshin ɗanyen katako ya gauraye da tururin numfashin dabbobi. Rufin ya yi ƙara sau ɗaya, ta tsaya cak, hannunta a kan nono. Bai sake ba.

Gavril ya shigo yana buga takalmi. Ya ɗaga kai ya bi gungumen da ido daga wannan bango zuwa wancan, ya ƙwanƙwasa shi da ƙotar cokalin ciyawa. Sannan ya jawo ɗaya kujerar ya zauna a gefen jar saniya.

"Wannan ba kya tatse ta tas," ya ce. "Miƙo mini bokitin can."