Kwana Arba'in da Tara Ba Kitse

Duk ƙauyukan da ke kan duwatsun Cingyuwan babu inda ba a san Fan Shuigen ba. Shi ne ya ci ɓawon itace a shekarun yunwa, ya binne 'yan'uwansa huɗu, shi kuwa ko ciwon kai bai yi ba. Yakan ce, "Irinmu na wancan zamani an daina haifa." Shekara sittin yana noman naman kaza mai ƙamshi, wato laimar kwaɗin nan da ake ci, a jikin gungumen itace, ya shanya ya sayar, amma ba ya kai shi baki. Lokacin yunwar shi suka ci wata biyar, a dafe da ruwa zalla, ba gishiri ba mai, har ya zama warinsa kawai na tayar masa da zuciya. Shi dai a ba shi naman cikin alade, mai kitse hawa uku, wanda in an ɗaga da tsinken cin abinci yake rawa.

Da matarsa Yuehua ta ga tafiya ta zo, sai ta riƙe masa hannu ta ce, "Tsoho, kwana arba'in da tara rai yake yi a hanya. Ka bar nama da kitse har in isa, ko tafiyar ta yi mini sauƙi."

Ya bugi ƙirji a gaban dangi ya ce, "Arba'in da tara kawai? Ni da na yi wata biyar!"

Bayan an binne ta, surukarsa Lanfen, matar ɗansa, ta shiga dafa abin da ke gidan, kuma abin da ke gidan naman kaza ne buhu-buhu. Shuigen ya dubi kwano, ga su baƙaƙe suna yawo a ruwa, da santsi kamar katantanwar da aka taka. Ya tauna ɗaya, ya ji kamar jiƙaƙƙen kunnen takalmi. Ya haɗiye da ƙyar, ya ture sauran.

A mako na biyu wandonsa ya fara zamewa. A kwana na sha biyar ya sunkuya zai juya gungume, jiri ya kwashe shi. Lanfen ta ja shi asibitin ƙauye yana zage-zage.

Malamar asibitin ta leƙa ƙasan idonsa ta ce, "Kawu, jininka ya yi ƙasa. Naman kaza ba laifi, yana sakin ciki, ba ya toshe jijiya, wanda ya sha rana ma yana taimakon ƙashi. Amma yawancinsa ruwa ne da harza. Abin gina jikin da ke cikin yanka ɗaya na alade, sai ka cinye kwando kafin ka same shi, kitse kuwa babu. In nama ne ba ka so, ga awara, ga gyaɗa."

"Awara abincin marasa haƙori ne," in ji shi. "Ina cin ɓawon itace ba a haifi uwarki ba."

Abin mamaki, daga washegari sai abinci ya fara shiga. Naman kazan ya yi sheƙi, ya yi laushi, shinkafa kwano uku take tafiya da shi. Ƙarfi ya dawo. Shuigen ya riƙa tare mutane a hanya yana nuna musu damtse, yana cewa malaman asibiti karatu ne kawai ya yi musu yawa.

A kwana na arba'in da ɗaya Mao mahauci, abokinsa tun yarinta, ya leƙo da tsakar rana ya same shi yana ci.

"Zo ka ga namiji, mai warin hanji," in ji Shuigen. "Kwana arba'in ko ɗigon maiƙo ban lasa ba."

Mao ya sunkuya ya shinshina kwanon, ya dangwala yatsa a romon ya murza. Sai ya fashe da dariya. "Kai, tsohon banza! Shekara arba'in ina fiɗar alade. In wannan ba kitsensa ba ne, a yanka ni a madadinsa."

Shuigen ya ajiye kwanon. Ya miƙe ya shiga madafa, ya ture tulun ganyen tsami. A bayansa ga wata 'yar tukunya, da farin kitse daskararre, an kwashe fiye da rabi, cokali a tsaye a ciki. Ƙamshin da ya fi so a duniya ya doki hancinsa. Da ƙyar ya kai bakin magudana. Ya yi ta kelaya amai, baƙaƙen guntaye suna fita da maiƙo a kansu, yana kankare harshe da farce.

"Tun yaushe?" ya tambayi Lanfen, yawu na zuba a gemunsa.

"Tun ranar asibiti, Baba. Gawa ɗaya ta ishe ni a shekara guda. Awara ka ƙi, gyaɗa ka ƙi, ƙasa zan dafa maka?"

"Kin sa na yi wa matacciya ƙarya da bakina cike!"

Ya kunna turaren tsinke a gaban hoton Yuehua. Sannan ya ce, "Tsohuwa, in kin ji nauyi a hanya, daga cikina ne. Saura kwana takwas, zan cika su. Kwana ashirin da shidan da aka cuce ki kuma zan biyo ki da su, ko kin riga kin isa."

Ya ɗauko tukunyar suya da kansa, ya dirje ta da toka har sau uku, yana shinshinawa yana tofar da yawu. Da yamma Lanfen ta ajiye masa naman kaza a ruwa zalla, da farar awara a gefe. Ya dube su kamar an kawo masa mushe.

"Ƙaro awarar," ya ce, ya toshe hanci. "In ba haka ba ba zan kai ba."